Wuƙar Horenburg da Sauran Sawun da Yaƙi Ya Bari

A farkon watan Satumba na 1991 wani ɗan jirgin haya mai suna Seeker ya jefa anga a tekun Atlantika, kimanin mil 60 daga gaɓar New Jersey ta Amurka. Mai jirgin, Bill Nagle, ya samo lambobin wurin ne daga bakin wani masunci da ya lura kifi na yawan taruwa a can, alamar akwai wani ƙarfe kwance a ƙasa. Wanda ya fara sauka shi ne John Chatterton, gwanin nutso. A zurfin ƙafa 230, inda hasken rana ke isa da ƙyar, ya iske wani dogon gangar ƙarfe mai ƙofa zagayayya, ya kuma hango topido, wato bam ɗin nan mai gudu cikin ruwa. Jirgin yaƙin Jamus ne, irin mai tafiya a ƙarƙashin teku, kuma da suka ci gaba da shiga cikinsa suka tarar ƙasusuwan mutanensa na nan yadda mutuwa ta same su.

Sai dai a takarda babu wannan jirgi. Kundin sojojin ruwan Amurka bai san da shi ba, na Ingila bai san da shi ba, haka na Jamus. Kusan duk wani jirgin Jamus da ya ɓata a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, an riga an ba shi rana da wuri da sunan wanda ya nutsar da shi, kuma ko ɗaya bai faɗo kusa da nan ba.

Masu nutson suka shiga tsinto abin da zai yi magana. Suka fito da farantan tangaran masu tambarin gaggafa da shekarar 1942, abin da ya tabbatar da ƙasar amma bai faɗi jirgin ba. Suka fito da wani allon ƙarfe mai zane, wanda ya nuna jirgin samfurin IXC ne, ƙirar kamfanin Deschimag na Bremen. Wannan ya rage yawan waɗanda ake zato, amma da sauran su da dama. Sannan Chatterton ya ciro wata wuƙar cin abinci mai ƙotar itace, da ya wanke taɓon da ya kama ta sai ga suna an sassaƙa da hannu: Horenburg.

Aka tambayi Horst Bredow, tsohon sojan ruwa da ya kafa taskar tarihin waɗannan jirage a kusa da Cuxhaven. Amsarsa ba ta da kwana-kwana. Horenburg ɗaya ne ya yi aiki a irin waɗannan jirage, Martin Horenburg, babban mai kula da rediyo a U-869. Amma U-869, in ji kowane littafi, ya nutse ne ranar 28 ga Fabrairun 1945 a gaɓar Maroko, kusa da mashigin Jibralta, a hannun jirgin Amurka USS Fowler da wani na Faransa. Tsakanin can da New Jersey akwai faɗin teku guda.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi kowane sashe na labarin koyar da mai bincike. Amsa tana hannunsu tun cikin watannin farko, sun riƙe ta, sun karanta ta, amma suka ajiye ta gefe domin ta saɓa wa abin da aka buga. Suka ce ƙila Horenburg ya ba wani aboki aron wuƙar, ko wani ya ɗauke ta kafin a tashi. Suka karkata ga wasu jiragen, musamman U-857, suka ɓata shekaru a kai. Kuma ba shekaru kaɗai aka kashe ba. Steve Feldman ya mutu a wurin a 1991, sannan a 1992 wani uba da ɗansa, Chris da Chrissy Rouse, suka rasa rayukansu bayan sun taso daga zurfin cikin gaggawa, ba tare da tsayawar da jiki ke bukata ba.

Ƙullin ya fara kwancewa ne daga saƙonnin rediyon Jamus da Turawan Ingila da Amurka suka riƙa tarewa suna fassarawa lokacin yaƙi. Cikinsu aka ga cewa U-869, wanda ya bar Kristiansand ta Norway ranar 8 ga Disambar 1944 ƙarƙashin wani kwamanda ɗan shekara 27 mai suna Hellmuth Neuerburg, tun farko gaɓar Amurka aka tura shi. Daga baya hedikwata ta sake shawara, ta aika masa ya juya zuwa Jibralta. Dukkan alamu sun nuna saƙon bai shiga kunnensa ba, ya ci gaba da tafiyarsa yamma. Hedikwata ta rubuta shi a Jibralta domin can ta tura shi. Bayan yaƙi, jami'an da aka ɗora wa aikin sama wa kowane ɓataccen jirgi makwanci suka duba, suka ga akwai wani hari da Fowler ya kai a yankin a daidai lokacin, suka haɗa biyun suka rufe fayil. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan. Zato ne aka rubuta, littafi ya kwafa daga littafi har ya zama kamar an gani da ido.

Hujjar ƙarshe ta zo a ƙarshen Agustan 1997. Chatterton ya cire tukunyar iskarsa daga baya, ya tura ta gaba, ya kutsa ta wata 'yar kafa zuwa ɗakin injinan lantarki, inda ake ajiye akwatunan kayan gyara. Irin waɗannan akwatuna akan maƙala musu lambar jirgi don kada a kai su wani idan an fitar da su gyara. A jikin wanda ya fito da shi an rubuta U 869. Mutum 56 ne suka mutu a cikin jirgin. Na 57, Herbert Guschewski, ciwo ne ya hana shi tafiya ana gab da tashi, kuma sai da aka nuna labarin a talabijin a Jamus ya san inda abokan aikinsa suke. Shi ma abin da ya nutsar da jirgin bai tsira daga gardama ba: masu nutson sun fi yarda topidonsa ne ya kewayo ya same shi, yayin da daga baya aka danganta abin ga jiragen Amurka biyu, Howard D. Crow da Koiner, da suka jefa bama-bamai a yankin ranar 11 ga Fabrairun 1945.

Masu sana'ar binciken tarihin waɗannan jirage, irin su Jürgen Rohwer da Axel Niestlé na Jamus, aikinsu ya yi kama da na mai bin sawun shanun sata: sawu ɗaya ba ya isa, sai an ga ya dace da karyayyen reshe da kashin da aka bari a hanya. Sojojin ruwan Jamus sun yanka tekunan duniya gida-gida a taswira, kowane gida da haruffa biyu da lambobi huɗu, kuma da wannan kwamanda ke rubuta inda ya yi harbi. Agogon cikin jirgi kuwa lokacin Jamus yake bi, ko da jirgin na gaɓar Brazil. To sai mai bincike ya ɗauki rahoton waɗanda suka tsira daga jirgin kaya, masu faɗin lokacin inda suke, ya juya shi zuwa lokacin Jamus, ya juya gidan taswira zuwa ainihin wuri, ya ga ko sun haɗu. Kuskuren awa biyu ya isa a ɗora wa wani kwamanda jinin da bai zubar ba.

Waɗanda suka tsira sukan zo da nasu alamun. Sau da yawa jirgin kan taso bayan hari, a tambayi na cikin kwale-kwale sunan jirginsu da abin da ya ɗauko. Mai farar hula a kan hasumiya shi ne kwamanda. Lambar jirgi an goge ta tun farkon yaƙi, amma an bar zanen da ma'aikata suka zaɓa wa kansu: takalmin doki na Otto Kretschmer, mutum-mutumin ƙanƙara na Adalbert Schnee, bijimi mai huci na Günther Prien. Nan ma akwai tarko, domin bijimin Prien daga baya ya zama tambarin rukuni guda na jirage, wanda ya ce ya ga bijimi bai faɗi komai ba tukuna.

Wani lokaci kwamanda da hannunsa yake rubuta abin da zai kama shi. Ranar 13 ga Maris 1944 wani jirgin kayan Girka mai suna Peleus, da ya taso daga Freetown ta Saliyo zai tsallaka zuwa Kudancin Amurka, ya sha topido. Jirgin da ya harbe shi bai wuce ba, ya kwashe awanni yana ɓarin wuta da gurneti a kan katakan da mutane suka maƙale. Uku suka rayu, wani jirgin Fotugal ya tsince su bayan fiye da wata guda, ya sauke su a Lobito ta Angola. Sun ba da labari, amma ba su san sunan kowa ba. A farkon Mayu jiragen saman Ingila suka raunata wani jirgin Jamus, U-852, har ya je ya kafe a gaɓar Somaliya, kuma kwamandansa Heinz-Wilhelm Eck bai lalata kundin tafiyarsa ba. A ciki aka ga ya nutsar da jirgi a ranar da wurin da Peleus ya ɓata. Aka yi masa shari'a a Hamburg cikin Oktoban 1945, aka harbe shi tare da jami'ansa biyu ranar 30 ga Nuwamba.

Kundin U-30 kuwa akasin haka ya yi. A ranar da Ingila ta shiga yaƙi, 3 ga Satumbar 1939, kwamandansa Fritz-Julius Lemp ya nutsar da jirgin fasinja Athenia, mutum fiye da 110 suka mutu, 28 cikinsu Amurkawa. Berlin ta musanta, ministan farfaganda Goebbels ma ya ce Churchill ne ya kitsa abin don ya jawo Amurka cikin yaƙi. Aka cire shafin ranar daga kundin jirgin aka sa wani. Ramin ƙarya ƙurarre ne: akwai wani ma'aikacin jirgin, Adolf Schmidt, da aka sauke a Reykjavik saboda rauni bayan an rantsar da shi ya yi shiru. Ya riƙe rantsuwar har yaƙi ya ƙare, sannan ya ba da shaida a rubuce, aka karanta a kotun Nuremberg a 1946. Lemp bai ji wannan ba, ya mutu tun Mayun 1941, ranar da Turawan Ingila suka kama sabon jirginsa U-110 da na'urar ɓoye saƙonni ta Enigma a cikinsa.

Akwai kuma wanda takarda ta zalunta. Herbert Claudius, kwamandan ɗan jirgin rakiya PC-566, ya ce ya nutsar da jirgin Jamus ɗin da ya harbi wani jirgin ruwa mai suna Robert E. Lee a Tekun Meziko ranar 30 ga Yulin 1942. Manyansa suka ce bai iya aiki ba, suka tura shi ƙarin horo, aka ba wani jirgin sama yabon. A 2001 masu auna ƙasan teku domin shimfiɗa bututun mai suka ci karo da U-166 na Hans-Günther Kuhlmann kwance kusa da Robert E. Lee, daidai inda Claudius ya ce. Lambar yabonsa ta fito a 2014, shekaru da dama bayan an binne shi.

A sama abin ya fi rikicewa, domin faɗan jiragen yaƙi na daƙiƙoƙi ne, kuma kowa na ganin shi ya harbo. Ranar 15 ga Satumbar 1940 Ingila ta sanar da kakkaɓo jiragen Jamus 185. Da aka buɗe kundin Jamus bayan yaƙi, abin da ya ɓata bai wuce kusan 60 ba. Matuƙa uku na iya harbin jirgi ɗaya, kowa ya koma gida ya rubuta nasa da zuciya ɗaya. Shi ya sa mai neman sanin wa ya harbo wa yake taka-tsantsan da bakin tsohon soja, ko da tsohon mai gaskiya ne.

Amma akwai bakin da ya ci jarrabawa. Ranar 20 ga Disambar 1943 Charlie Brown, ɗan Amurka mai shekara 21, yana jan wani jirgin jefa bam B-17 da aka yi wa kaca-kaca a kan Bremen, mai bindigar wutsiya ya mutu, wasu sun jikkata. Wani jirgin Jamus samfurin Messerschmitt 109 ya zo ya jera da shi, bai yi harbi ba, ya raka shi har bakin teku, ya sara masa ya juya. Da Brown ya sauka Ingila ya ba da rahoto, aka ce ya ja bakinsa. Sai a shekarun 1980 ya shiga nema, kundin sojoji bai ba shi komai ba, domin Bajamushen da ya yi haka ba zai rubuta ba, kansa zai jawo wa hukunci. Daga ƙarshe ya sa cigiya a wata 'yar mujallar tsofaffin matuƙan Jamus. A farkon 1990 wasiƙa ta zo daga Kanada, daga wani Franz Stigler. Da suka yi magana ta waya, Stigler ya kwatanta jirgin da rakiyar da sarawar, abubuwan da sai wanda ya kasance a wurin zai sani, ga kuma mutum a raye da zai ce e ko a'a. Suka zama aminai, suka rasu a shekara ɗaya, 2008.

A gwada wannan da na Horst Rippert. Antoine de Saint-Exupéry, marubucin Le Petit Prince da 'yan makarantar Nijar suka sani, ya tashi daga tsibirin Kosika ranar 31 ga Yulin 1944 cikin jirgin leƙen asiri samfurin Lightning, bai dawo ba. A 1998 wani masunci, Jean-Claude Bianco, ya jawo wani abin hannu na azurfa a komarsa kusa da Marseille, ɗauke da sunan marubucin da na matarsa Consuelo da na kamfanin da ke buga masa littafi a New York. Da fari wasu suka ce jabu ne, domin wurin ya yi nisa da hanyar da aka zata ya bi. A 2000 wani mai nutso, Luc Vanrell, ya nuna tarkacen jirgi kusa da tsibirin Riou, kuma a 2004 lambar da aka samu a jikin ƙarfen, 2734, ta tabbatar nasa ne. A cikin tarkacen akwai wani injin da ba na Lightning ba, injin Jamus ne. Bin sawunsa ya kai ga wani matashin ɗan sarauta da kusan ba wanda ya san da shi, Alexis von Bentheim, wanda aka harbo a wannan wuri a Disambar 1943. Ana neman shahararre aka tsinci wanda aka manta.

Wani mai bincike Bajamushe, Lino von Gartzen, ya ci gaba da buga wa tsofaffin matuƙan Jamus waya ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗo kan Rippert, tsohon ɗan jaridar wasanni, wanda ya ce a daina nema, shi ya harbo Saint-Exupéry. Labarin ya fito a 2008, jaridun duniya suka ɗauka. Sai dai ba a samu rahoton wannan harbi a takardun Jamus da suka rage ba, gutsattsarin da aka ciro kuma ba su nuna ramin harsashi ba. Ba a kama shi da ƙarya ba, ba a kuma iya gaskata shi ba. Stigler yana da Brown da zai gwada shi, Rippert ba shi da kowa.

Na ƙarshe a hamada yake. Tun daga 1940 Turawan Ingila ke sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Alƙahira, kuma dubbai sun bi wannan hanya, ciki har da samfurin Kittyhawk. A 2012 wani ɗan Poland mai aikin neman mai, Jakub Perka, ya ci karo da wani Kittyhawk zaune a kan duwatsun hamadar yammacin Masar, nesa da kowane gari, kusan yadda ya sauka shekara 70 da suka wuce. Bindigoginsa na nan, harsasai na nan. An ciro rediyo da batir an ajiye a gefe, ga ragowar lema, alamar matuƙin ya fito da rai, ya yi ƙoƙarin kiran taimako, ya yi wa kansa inuwa.

Nan ba a sha wahalar suna ba. Lambar jirgin ET574, na runduna ta 260 ta sojan saman Ingila, kuma kundin rundunar ya nuna cewa ranar 28 ga Yunin 1942, lokacin da sojojin Jamus ƙarƙashin Rommel ke korar Turawan Ingila zuwa El Alamein, an ba wani saja ɗan shekara 24, Dennis Copping, wannan jirgi mai matsala ya kai shi wurin gyara. Ya saki hanya, ba a sake ganinsa ba. Wasu masu bincike 'yan Italiya sun samu ƙasusuwan mutum 'yan kilomita daga jirgin, amma ba a tabbatar nasa ba ne, don haka har yau Copping ba shi da kabari.

Jirgin kuwa, kafin a ɗauke shi masu yawon hamada sun fara fasa gilasansa suna cire abin da hannu ya kai. Da aka kai shi gidan tarihi na El Alamein aka gyara shi, aka shafe fentinsa na asali da sabo, aka zana masa bakin kifin shak mai haƙora a hanci. Wannan zane tambarin runduna ta 112 ne, ba ta 260 da Copping ya yi wa aiki ba, kuma masana tarihin jiragen sama a Ingila sun yi ta ƙorafi a kai tun da hotunan suka fito.